Ganuwar Baba Hamidu da jan ruwan bana

Shekara tara ke nan da muka kai Baba Hamidu makwancinsa, kuma duk Gaya, daga bakin gada har hanyar Dosso, babu wanda bai san ni na gaje shi ba. Kafaɗar tasa ce, tafiyar tasa ce, murya kuwa har na ɗara shi, don in na yi kiran fasinja a tasha ana ji a Malanbil can ƙetaren kogi, wasu ma sun ce an taɓa amsa mini daga Kamba. Ranar sadakar bakwai na miƙe gaban jama'a na buga ƙirji na ce muddin ina numfashi kogi ba zai leƙa gidanmu ba. Aka yi ta cewa madalla. Har yau ina jin daɗin madallar nan, ko da yake kogin bai halarci taron ba.

Ga wanda bai san shi ba, ubana ne, kuma sana'arsa dako da shareti, wato amalanken jaki. Gidanmu yana can gangare, a unguwar da ke kallon ruwa. Inna kuwa daga garin Bana ya auro ta, ƴar tudu wadda ruwan da ta sani shi ne na rijiya. Daminarta ta fari a ɗakinsa kogi ya shigo tsakar gida da rana tsaka, ya kashe mata wuta a murhu, ya tafi da turminta. Baba bai lallashe ta da baki ba, don shi bakinsa na cin tuwo ne da salati. Sai dai tun daga lokacin sharetinsa ba ta sake komowa gida wayam ba. In ya kai albasa ko shinkafa kasuwa, a hanyar dawowa sai ya ratse ramin laka ya loda, ya zo ya juye bayan gida, ya cuɗa da bambaron shinkafa, ya tattake da ƙafa, sannan ya wanke hannu ya ci abinci. Rani da damina haka, azumi haka. Ranar salla ma da babbar rigarsa ya taɓa tsayawa ya cika kwando, Inna na faɗa yana murmushi.

Da rani, lokacin da kogi ya ja baya har yara na ƙwallo a kan yashi, maƙwabta kan zauna gindin mangwaro su tsokane shi.

"Hamidu, wai kabarin jakin ne kake ginawa tun yana da rai?"

Shi kuwa sai ya ce, "Sannunku da hutawa," ya ci gaba da tattaka.

Tarin ƙasar nan ya yi ta tashi har ya wuce tsawon mutum, ya miƙe ya rufe bayan gidajen masu tsokanar ma, aka koma kiransa ganuwar Baba Hamidu. Ya dasa ciyawar jema a jikinta don saiwar ta riƙe ƙasa. Kowace safiya bayan ya dawo masallaci zai bi ta da sanda yana zungurar ramukan gafiya, wanda ya samu ya toshe da laka. Mu tara ya ciyar da dakon nan, ya sa mu lakkwal muka yi boko, ya aurar da mu. Da jikoki suka zo, kowanne sai da ya yi masa ƴar ƙwarya daidai kansa, su bi shi a jere suna zuba laka rabi a ganuwa rabi a jikinsu, ladan aiki kuma muruci dafaffe. Ban taɓa jin ya ce yana son Inna ba. Amma murhunta bai sake mutuwa da ruwan kogi ba har ya koma ga Ubangijinsa.

To, yau da zai ɗaga kai ya duba, ban san me zai ce ba, kila ma ba zai ce komai ba, wanda ya fi zafi. Ramin da yake ɗibar laka an cike shi an yi shaguna. Jakin ya bi shi bayan ƴan watanni, sharetin tana jingine kaji na ƙwai a ƙarƙashinta. Ƙannena sun watsu, wasu Yamai, wasu Dosso, kuma duk damina wayoyinmu kan cika da saƙon murya, kowa na cewa lalle a yi wani abu. Ni ne nake kusa, ni ne kuma na fi kowa tsawon saƙo. Akwai wanda na aika bara, sai da wayar ƙanena Sani ta yi zafi ya sa ta a randa.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne hanyar ƴan kabu-kabu. Tun da aka rufe iyaka manyan motoci suka daina ƙetare gada mutane suka koma jirgin ruwa, masu babur suka gano cewa in sun hau ta kan ganuwar sun yanke zagaye zuwa mashigar jirage. Ba mugunta ba ce, kowa abincinsa yake nema. Amma taya ɗaya bayan ɗaya, da buhu a baya da fasinja a kan buhu, sun ci tsakiyarta har ta yi wuya kamar sirdi. Jemar wurin ta mutu. In ka tsaya a tsakar gidanmu yanzu kana hango ruwa ta wannan gurbi, abin da ban taɓa gani ba tun ina yaro.

Ruwan bana kuma bai zo da fuskar da muka saba ba. Mu nan mun san jan ruwa na damina, mun san baƙin ruwa mai zuwa da sanyi, kowanne da lokacinsa. Bana jan ya riga lokacinsa, ya zo da kauri kamar kunun kanwa, yana ɗauke da rassan itace da ba irin na ƙasarmu ba. Sarkawa sun ja jiragensu sama da inda suka saba ɗaurewa, kuma in ka tambaye su sai su dubi ruwan su ce Allah ya kyauta. Gafiyoyi sun fara fitowa daga ganuwar da rana, suna tsallaka titi ba kunya. Tururuwa na hawa bangon ɗakin Inna da ƙwayayensu a baki. Can ƙasa da mu gaɓa na zubewa, kana cikin hira sai ka ji tim, sannan a ci gaba da magana a hankali kamar akwai mara lafiya a ɗaki.

Inna kuwa ta ƙi tashi. Sani ya gyara mata ɗaki a Yamai tun shekarun baya, da panka da komai, ya yi roƙo, ya turo matarsa, ya turo malaminsa. Amsarta ɗaya ce: ubanku ya tare mini ruwa, ba inda za ni. Ƙafafunta sun yi nauyi, daga gado zuwa ƙofar zaure sai ta huta a hanya. In ruwa ya faso ta gurbin nan, ba gudu za ta yi ba. Wannan shi ne abin da ke zaune a ƙirjina duk barkwancin da kuke ji ina yi a tasha.

Saboda haka ranar Juma'ar da ta wuce, bayan mun yi masa sadakar shekara an watse, na ce yau za a ga ɗan Hamidu. Na sayo takalmin roba har gwiwa, na ɗaura rawani a ƙugu, na ciro kwandonsa da galmarsa daga rumbu. Na sa aka fito wa Inna da kujera bakin ƙofar baya don ta shaida. Na tsaya a kan gurbin na yi wa ƴan kabu-kabu jawabin da ya tsayar da babura har layi ya kai kasuwa. Ɗaya daga cikinsu ya kashe inji ya saurara da ladabi, da na gama ya ce, "Baba, to matsa mu wuce, jirgi zai tashi."

Na matsa. Na gangara na sari laka. Ashe lakar yanzu rabinta leda ce, ka cuɗa ta ƙi kama juna. Kwandon fari na kai shi da waƙa. Na biyu na kai shi da salati. A na uku wani abu ya ce ƙas a gadon bayana, na tsaya a sunkuye, ba gaba ba baya, takalmi ɗaya ya nutse ya bar ni da safa. Ina nan a haka ina kallon ruwan ta tsakanin ƙafafuna, ja wur, yana lasar gindin ganuwar yana komawa, yana sake dawowa kamar mai ƙwanƙwasa ƙofa.

A sunkuyen nan na fahimci abin da ya rage na Baba. Ba ƙasar ba ce, ƙasa taya na cinye ta. Abin da ya bari shi ne tsohuwa guda da ta yi shekaru tana barci da kogi a bayan kanta ba ta firgita ba, saboda wani mutum ya ƙi komowa gida hannu wofi ko sau ɗaya. Irin wannan ba a yin sa rana guda, ba a kuma yin sa bayan ruwa ya iso. Allah ya jiƙansa, ya sa aljanna ce makomarsa.

Maƙwabta biyu suka ɗauko ni kamar buhun albasa suka ajiye gaban Inna. Ni ne ɗanta na fari, ba ta kiran sunana. Ta dubi ƴar lakar da na zuba, wadda ba ta kai tuwon mutum biyu ba, ta dubi ruwan, ta daɗe tana dubansa. Na gyara murya na ce, "Inna, kin ga somin taɓi. Gobe da sassafe zan ƙarasa."

Ta ce, "Kai wannan, na ga aikinka, sannu. In bayan ya sake ka, kira mini Sani ka ce ya share ɗakin."