Zif Ɗin Da Ya Yi Tsatsa

Yayata tela ce, kuma duk layinmu Bari-in-gama ake ce mata. Daga bakinta ta samo sunan. Ka ce ta zo ta ci abinci, bari in gama wannan hannun riga. Ka ce ruwa na dukan shanyarta, bari in gama wannan kalmasa. Keken ɗinkinta na bakin taga, yana kuka tun safe kamar tsuntsun da ba ya gajiya da waƙa ɗaya.

Ba mai cewa ba ta tsoron Allah. Rabin matan cocinmu ita ta ɗinka wa Littafi Mai Tsarkinsu riga. Nata ya fi na kowa ado: shuɗin yadi, ƙananan furanni a gefe, ga zif mai ruwan zinariya. Ranar Lahadi takan rungume shi a ƙirji ta tafi sujada, ta dawo da shi a rungume. Addu'ar safe kuwa takan ɗaga ta zuwa rana, ta rana ta koma yamma, ta yamma ta haɗu da ta gobe.

Da idon Mama ya dushe har ta daina ganin rubutu, abu ɗaya ta roƙa: a riƙa karanta mata Zabura guda kowace safiya. Yaya ta yi alkawari har da dafa ƙirji. Mama takan zauna a kujerarta ta roba kusa da keken, hannu bisa cinya, tana jira.

"Mama, bari in gama wannan wuyan."

"Gama, 'yata. Ido ya tafi yana jiranki, yanzu kunne ma ya fara ɗaure kaya."

Aka yi wata bakwai a haka.

Sai ƙungiyar mawaƙan coci ta kawo ɗinkin riguna goma sha biyu, ana so ranar Lahadi. Yaya ta auna kowa, ta rubuta a takarda ɗaya, ta ɗora almakashi a kai. Ranar Laraba takarda ta ce ɗauke ni inda kika ajiye.

Ta zazzage buhun ƙyallaye. Ta ɗaga katifa, ta leƙa tukwane, har cikin takalmin mijinta ta sa hannu. Ranar Alhamis ta durƙusa a tsakar ɗaki ta yi addu'ar da ta fi ta shekara guda tsawo.

"Ashe gwiwar tana lanƙwasuwa," in ji Mama. "Kin duba ko'ina?"

"Ko'ina, Mama! Ba inda ban taɓa ba a gidan nan."

"Ko'ina dai?"

Yaya ta bi fuskar Mama da kallo, ta ga inda ta karkata: saman kabad, wurin shuɗin yadi mai furanni. Ta sauko da shi, ta ja zif. Ya ƙi. Ta ɗiga masa man keke, ta lallashe shi, ta cije leɓe. Damina guda ta wuce a kansa ba a buɗe ba, haƙoransa sun haɗe da tsatsa.

"To ke Mama, ta ina kika sa takardar?"

"Ta ƙasa, inda ɗinkinki ya saki. Tun bara kike cewa bari ki gama ki gyara."

Da reza Yaya ta farke aikin hannunta, zare bayan zare. Ga takardar awo nan a ninke, a manne da bangon littafin. Ta kai hannu, Mama ta riga ta, ta cusa takardar a ƙarƙashin cinya.

"Mama, riguna goma sha biyu fa! Kwana uku ya rage!"

"Bari in gama ji," in ji Mama.

Yaya ta yi dariya har ta share ido da gefen zane. Ta jawo kujera, ta buɗe tsakiyar littafin, ta kai bakinta kusa da kunnen Mama na dama, wanda ya fi ji. Keken ya yi shiru, har muka ji tsuntsayen gaske a waje. Mama ta lumshe ido, leɓenta na riga muryar Yaya isa ƙarshen kowace aya.

Rigunan sun fito ranar Lahadi, ɗaya ba maɓalli.

Sunan dai bai bar ta ba, halin ma bai gama barinta ba. Shi ya sa har yau almakashin a ɗakin Mama yake kwana, ba ya fitowa sai an karanta Zabura. Littafin kuwa tsirara yake yawo. Yaya ta ce za ta ɗinka masa sabuwar riga, bari dai ta gama.