Kukan Rediyon Kawu Ɗanjuma

Duk wanda ya taɓa shiga motar Kawu Ɗanjuma daga Rano zuwa Kibiya ya san ba a tashi sai ya yaye ƙyallen da yake rufe rediyonsa, ya ce mata, "Hajiya, mun kwana lafiya?" Ita kuwa Hajiyar, da ya taka totur sai ta kama wani kuka, zuuu, kamar an saka sauro a gwangwani.

Kawu bai taɓa yarda laifin motarsa ne ba, wai ƙarfen jikin fasinja ne. Ran kasuwar Kibiya ya sa wata Bafulatana ta tuɓe awarwaronta kaf. Kuka bai daina ba. Ya waiwaya ya ƙare wa mutane kallo, ya ce, "To, akwai mai haƙorin Makka a nan, ya rufe baki."

Wani makanike a Kano ya gaya masa wayar da ke haɗa inji da bodi ce ta yi tsatsa, ya sayi sabuwa. Kawu ya ce, "Wayar da ta kai ni Kano sau ɗari? Kai ne ka yi tsatsa."

Ni dai ranar da ba na mantawa daban ce. An kai mijina Isa ƙasar Kwango aikin soja, wata biyar ba wasiƙa, har an fara yi mini kallon mai takaba. Aka ce ran Juma'a da la'asar rediyo za ta karanto gaisuwar sojoji. A duk ƙauyenmu Lausu kuwa ba rediyo sai ta Kawu.

Na je na shiga motar, ya tayar da inji ya kunna, kuka ya danne murya. Na ce, "Kawu, kashe injin mana."

Ya ce, "Batirin nan in na kashe, minti biyu ba zai yi ba."

Ga shi an fara kiran sunaye, ban ji ko ɗaya ba. Na ce, "Wallahi in sunansa ya wuce, ba zan yafe maka ba."

Ya sauka, ya ɗaga bonet, ya kankare bakin wayar nan da wuƙa, ya danne ta jikin inji da hannunsa, inji na ci. Kuka ya ɗauke ɗif. Sunaye suna ta wucewa, ina jin ƙaurin fata, ina ƙirgawa. Can sai ga shi: Isa na Lausu yana lafiya, yana gaida matarsa Hajara.

Na fito ina kuka. Kawu yana hura yatsunsa, duk sun tashi. Ya ce, "Ya gaishe ni?"

Na ce a'a.

Ya ce, "Ɗan banza."

Da tabon nan aka binne shi. Allah ya jiƙan Kawu, ya haramta wa hannun nan wuta.