Ranar da Aka Ce Su Kawu Su Tashi

Ina shekarata ta biyu da fara koyarwa a elementare ta Kabo aka aiko sabon Baturen daji ya duba iyakar gandun da ake son keɓewa a ƙasarmu. Saura 'yan shekaru Turawa su tafi. Wannan kuwa zuwansa ke nan, Hausarsa ba ta wuce "sannu" da "madalla" ba, don haka duk inda ya sa ƙafa yana tare da wani dattijon masinja, tsohon soja, wanda ya tsinci Turancinsa da kunne a bariki.

Kawuna, yayan Innata, yana zaune a bakin wannan daji, wajen Durun. Asalinsu makiyaya ne, amma tun zamanin kakanmu suka daina yawo. Gida shida ne, da rijiyarsu, da gonakin gero da dawa, shanu na kwana a bayan gida. Da aka zo awon iyaka, sai ga gidajen nan sun faɗa cikin gandun.

Aka tara mutane da hantsi a ƙofar gidan dagaci, ni ma na je na tsaya daga baya. Kawu ya durƙusa ya yi bayaninsa, masinja ya juya wa Bature. Bature ya daɗe yana duban takardar taswira, sannan ya ɗago yana murmushi ya yi magana. Na ji ƙarshenta sarai, ko kuma na zaci na ji: "They can live there."

Masinja ya gyara tsayuwa ya ce, "Bature ya ce ku tashi daga wurin."

Kawu ya sunkuyar da kai ya ce, "To, mun ji." Bature ya gyaɗa masa kai cikin fara'a, ya hau doki ya nufi Gwarzo.

Abin ya tsaya mini a rai. A makarantar Midil an koya mana kalmomi biyu, live da leave, ɗaya zama, ɗaya tashi. A takarda na san su, amma kunnena bai taɓa raba su ba. Kuma wa zai kori mutane daga gidajensu yana musu murmushi haka? Sai dai ba zan iya buɗe baki in ƙaryata dattijo a gaban dagaci ba, alhali ni kaina ina shakka.

Da la'asar na taka zuwa gidan Kawu. Na tarar mata sun fara ɗaure ƙore, an kwance jinkar rumbu ɗaya. Babu mai kuka. Bayan mun gaisa, Kawu ya dube ni ya ce, "Kai da ka yi bokon nan, me kunnenka ya ji?"

Na ce, "Kawu, kalmar tana da 'yar'uwa. Ban tabbata wadda ya faɗa ba."

Ya ce, "To je ka tabbata. Mu ba za mu sake taɓa komai ba sai ka dawo."

Washegari bayan asuba na ari keken hedimasta na kama hanyar Gwarzo. A ƙofar barikin saukar baƙi na iske masinja yana goge takalmi. Na durƙusa na gaishe shi, na tambayi gajiya, na tambayi iyali, sannan na faɗi abin da ya kawo ni.

Ya ɓata rai. "Malam, na yi Turanci da Turawa tun ba a haife ka ba."

Na ce, "Haka ne, Baba. Ni ne ban gane ba, shi ya sa na zo neman sani. Ka shigar da ni, kana tsaye zan tambaya."

Ya ajiye takalmin, ya shige gaba.

Bature na shan shayi. Na tattara duk Turancina na tambaye shi ko mutanen Durun za su live ne ko za su leave. Abin takaici, duka biyun "lib" suka fito daga bakina. Ya dube ni ya ce, "Yes." Na maimaita da ƙarfi. Ya sake cewa, "Yes, yes."

Sai na roƙi fensir da takarda. Na rubuta kalmar farko, na zana bukka da mutum a ciki. Na rubuta ta biyu, na zana mutum da kaya a ka, saniya na bin sa. Na miƙa masa. Ya duba, ya dubi masinja, fuskarsa ta yi ja har kunnuwa. Ya ɗora yatsa a kan bukkar ya buga sau uku. Su zauna! Ya ce dama ya riga ya karkatar da iyakar ta bi ta bayan rijiyarsu.

Na ji tsoron kada ya huce a kan dattijon, amma masinja ne ya riga shi magana. Ya ce mini, "Malam, ce masa ya sake faɗinsu a hankali." Bature ya faɗi ta farko a taƙaice, ya ja ta biyu har haƙoransa suka fito. Masinja ya tafa hannu ya ce, "Af! Ashe dafa da dafa ne! Dafa wake daban, dafa kafaɗa daban. Ɗaya gajeriya, ɗaya doguwa." A nan take kunnena ya buɗe. Abin da na kasa ji shekara huɗu a aji, tsohon soja ya warware mini a numfashi ɗaya.

Bature ya rubuta wa dagaci takarda ya sa hannu. Masinja ya ce shi ya kai mummunan labari, shi zai kai mai daɗin. Na goya shi a keken, muna tafe yana ta gwadawa a bayana, gajeriya, doguwa, gajeriya, doguwa, har masu zuwa kasuwa na waiwayen mu.

Da muka isa, ya tsaya a tsakar gidajen ya cire hula ya ce, "Jama'a, ni na yi kuskure jiya. Ba inda za ku. Ku zauna!" Wata gwaggona ta rangaɗa guɗa, sauran mata suka amsa. Samari suka ɗauki jinkar nan suka mayar kan rumbu kafin ma a ba mu ruwa. Kawu ya sa aka yanka rago, ya zaunar da masinja a kan buzunsa, ni kuma ya kama hannuna ya riƙe ya daɗe bai saki ba.

Da zan koma Kabo ya rako ni har bakin hanya, ya ce in ajiye wa 'ya'yansa biyu wuri a ajina in an buɗe sabuwar shekara. Na ajiye musu, sun kuma zo.