Lasin da Ya Mutu a Maroko

Tsakanin Gwarzo da Kabo babu mai tambayata lasin tuƙi. Na fi shekara talatin ina bin hanyar nan. In an tsayar da ni a shinge, sai dai a leƙo a ce, "A'a, Alhaji ne? Ya gida, ya iyali?" In amsa, in tambayi nasu iyalin, in wuce. Katin yana nan cikin walat ɗina, bayan hoton jikata, ban san rabona da zaro shi ba.

Malama, uwargidana, ba haka take ba. Labarin ƙasa take koyarwa a wata makarantar 'yan mata a Kabo, kuma mace ce mai girmama takarda. Da girmanta ta koyi mota. Iyakacinta daga gida zuwa makaranta, in ta yi nisa ta ratse Durun wajen ƙanwarta. In muna tare kuwa, ni ne a sitiyari, ba a ma zancen.

Ni na yi yawo a ƙasashe wajen saro kaya, ita kuwa ban da aikin Hajji ba ta taɓa fita ba. Da ritayarta ta matso na ce ta zaɓi ƙasa, mu je yawon buɗe ido. Ta ce Maroko. Na ce me ke can?

"Dutse mai ƙanƙara a kansa," in ji ta. "Shekara nawa ina zana shi a allo da alli, ina ce wa yara farin nan ƙanƙara ce. Wata ta taɓa tambayata ko na gani da idona, na ce ta zauna."

To, abin da ya kai mu ke nan. Kafin mu tashi ta sabunta lasinta, ta yi ɗan littafin nan na tuƙi a ƙasashen waje. Ta ce in kawo nawa ta haɗa. Na yi mata dariyar wanda ya saba tafiya, na ce, "Malama, ke ce baƙuwa a filin jirgi. Nawa suna nan."

Kwana huɗu muka yi a birni muna yawon kasuwa, rana ta biyar muka ware wa dutsen, kashegari kuma jirgin gida. Tun safe muka je ofishin masu ba da hayar mota. Wata budurwa ce a bakin kanta, da ɗankwalinta da tabarau. Na yi mata sallama mai tsawo, na haɗa da ɗan Larabcin da na tsinto a Makka, na miƙa fasfo da lasin da littafin. Ta duba, ta juya, ta sake dubawa. Sai ta ɗora yatsa a kan kwanan wata ta turo mini.

Sun mutu. Duk biyun, lasin da littafin. Har sun daɗe a kabari.

Na yi abin da kowane mutumin gari zai yi. Na gyara hula, na sassauta murya, na ce a yi haƙuri a duba mana. Na gaya mata tun ba a haife ta ba nake tuƙi, ko kaza ban taɓa takawa ba. Na ce akwai wani ɗan garinmu da ke kasuwanci a ƙasar, in tana so in kira shi ya tsaya mini. A gida ai haka ake yi, in ka nemi motar kai amarya ko ta kwaso dawa, wanda ya san ka shi ne takardarka. Yarinyar nan ta saurare ni har na gama, da ladabinta, sannan ta ce kwamfuta ba za ta karɓa ba. Na ce a kira mini manaja. Ta ce ita ce.

Na tambayi motar haya mai direba. Ta buga waya biyu, duk sun fita tun asuba. Na waiwayo zan ba Malama haƙuri, sai na ga ta buɗe jaka ta zaro wata leda, a cikin ledar akwai ambulan, a cikin ambulan katinta da littafinta, ko lanƙwasa babu. Ta ajiye su gaban manaja ba ta ko kalle ni ba.

Manaja ta yi murmushi. Ta rubuta sunan Malama, ta nuna mata inda za ta sa hannu, sannan ta kalle ni ta saman tabarau ta ce inshora sunan mutum ɗaya ta sani. Ban da ni. Ta faɗa sau biyu, na biyun a hankali, kamar mai yi wa tsoho bayanin magani.

Motar 'yar ƙarama ce fara, mai giya irin ta gida. Na zagaya na shiga kujerar fasinja, na rasa inda zan ajiye hannuwana. Malama ta ja kujera gaba, ta gyara madubi, ta karanta addu'ar hawa abin hawa tun daga farko har ƙarshe. Ni kuma na fara aiki.

"Ga babur nan."

"Na gan shi."

"Rage. Sa ta uku. Ga jaki."

"Alhaji, a Kabo ma akwai jaki."

Muka fita gari lafiya. Hanya ta miƙe cikin gonakin zaitun, can gaba duwatsun suna tsaye da fari a kansu, ita ba ta ma iya ɗaga ido ta kalla. Ƙafata ta dama kuwa sai taka birki take a inda babu birki.

Da muka fara hawa ne zance ya canja. Mu mutanen shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ne, tudun da muka sani bai wuce na bakin gada ba. Nan kuwa kwana ce bayan kwana, dutse a hagu, rami a dama, kuma ramin a ɓangarena yake. Na leƙa sau ɗaya, na ga rufin gidaje can ƙasa kamar kwalin ashana. Daga nan bakina ya ƙara gudu. A wata kwana wata babbar mota ta sauko, na ce "Birki!" da ƙarfi, ta taka, motarmu ta mutu a tsakiyar hawa, ta ɗan ja baya. Ta ja birkin hannu, ta tayar, ta lallaɓa har wani fili da ke gefe inda wani dattijo ke sayar da shayi. Ta kashe mota.

Na ce, "Kawo in tuƙa. Nan wa zai gan mu? Ba shinge, ba kowa."

Ta girgiza kai. Sannan ta ce, "Ni na sa hannu. In ka karɓa, na yi wa yarinyar nan ƙarya. Gara mu juya."

"Mu juya? Ga shi can ana gani!"

"Daga nan ma na gani. Ya isa."

Na san bai isa ba. Na san kuma in muka juya, ba za ta sake zancen dutsen nan ba har abada, ko da wasa. Na fita na karɓo mana shayin na'ana'a a ƙananan kofuna. Dattijon ya kalli motar, ya kalle ni, ya nuna sama da hannu, ya nuna cewa saura kaɗan. Ta sha rabin nata, ta riƙe kofin da hannu biyu.

"Zan iya hanyar," ta ce. "Kai ne ban iya ba."

Na ce to ya za a yi da ni?

"Ka yi shiru. Ko jaki ka gani, ko rami, ko Mala'ikan mutuwa. In ba za ka iya ba, ka zauna nan wajen Baba mai shayi, in dawo in ɗauke ka."

Duk wanda ya san ni a Gwarzo ya san abin da aka nema a wurina. A majalisa ni ne mai labari, a mota ni ne rediyo. Amma na shiga, na ɗaura bel, na zaro carbi, na tura ɗaya hannun ƙarƙashin cinyata.

Ban taɓa sanin haka take tuƙi ba. Kafin kowace kwana sai ta rage, ta sauke giya, ta danna ham sau ɗaya gajere kamar mai sallama a ƙofar gida, sannan ta shiga. Motoci suka taru a bayanmu, ko a jikinta. In ta sami fili ta ratse, su wuce, ta ɗaga musu hannu. Sau uku magana ta zo mini har maƙogwaro, na mayar da ita da istigfari. Kunnuwana suka toshe, iska ta yi sanyi, itatuwa suka ragu.

Sai ga ƙanƙarar a gefen titi, ba can sama ba, nan kusa da taya. Fara fat a gindin duwatsu, da datti kaɗan a bakinta. Ta tsaya inda wasu motoci suka tsaya, ta ja birkin hannu, ta fita da silifas da safa. Ta durƙusa ta ɗebo da hannu. Ta matse, ta buɗe, ta kai hanci.

"Ashe ba ta da tauri," ta ce. "Ni kuwa na ce musu kamar ta firji ce. Duk yaran nan na gaya musu ba daidai ba."

Ta sake ɗebowa, ta tsaya tana kallonta tana narkewa tsakanin yatsunta, idonta ya kawo ruwa, ko sanyi ne ko mene ne ban tambaya ba. Na ɗauke ta hoto. Da ta juyo, na nuna bakina, na ɗaga gira.

"Ka yi maganarka a nan," ta ce, tana goge hannu da gyale. "Ka yi ta ishe ka. Akwai gangara."