Faifan Malam Yohanna a Gonar Shinkafa

Ni ne na rataye fim ɗin Malam Yohanna a gonar shinkafa don ya kori tsuntsaye, kuma kwana tara na yi ina ɗora wa akuyar Inna laifin. Ranar wata Asabar ce a ƙarshen damina, shekarar da aka katse layin waya a Birnin Gwari, ina aji shida na firamare. Shinkafarmu ta fara nuna a fadama can hanyar Gayam, tsuntsayen jan-baki kuwa sun sauko mata kamar an raba musu katin gayyata. Aikinmu mu yara shi ne kora: a buga gwangwani, a wulwula majajjawa, a yi ihu har murya ta dushe. Sai aka gano cewa in an ɗaura tsofaffin faifan bidiyo a igiya, rana ta haska su, tsuntsu ba ya sauka. Abokina Sani ya rataye bakwai a gonarsu, ya zo makaranta yana taku kamar ya sayi mota. Na rantse sai na fi shi.

Katanga ɗaya ce tsakaninmu da Malam Yohanna da matarsa Mama Rifkatu, tsofaffin malaman makaranta daga kudancin Kaduna, waɗanda suka koyar da rabin garin, har da Babana. Da sassafe na shiga na sami Mama Rifkatu tana wanke-wanke, na roƙe ta tsofaffin faifai. Ba ta ko ɗago ba ta ce, "Nasiru, duba kwalin ƙarƙashin tebur, duk matattu ne, kwashe." Na ƙirga, bakwai cif. Kunnen doki da Sani ke nan, abin da ba zai yiwu ba. A kan na'urar bidiyonsu kuwa ga wani faifai shi kaɗai, babu hoto, rubutun jikinsa ya goge. Na ce a raina wanda ba shi da ko hoto ai ya fi sauran mutuwa. Na haɗa takwas. Don in nuna ƙwarewa, na sa ƙusa a murhun Inna ta yi ja, na huda gefen kowanne na ɗaura murafun kwalba su riƙa ƙara. Kafin azahar na rataye su na dawo gida, ina jin babu manomi kamata daga nan har Kaduna.

Bayan la'asar Mama Rifkatu ta shigo gidanmu babu ko ɗankwali mai kyau a kanta, tana tambaya ko wani ya ga faifan Malam. Nan na gane shi ne na takwas ɗin da na ɗauka. Shekara guda kafin nan ɓarin jikin Malam Yohanna ya shanye, magana ta maƙale masa, mutumin da a da ake jin muryarsa daga aji ɗaya har bakin kasuwa. Kullum da yamma Mama takan jona talabijin a batirin sola ta kunna masa wani tsohon fim baƙi da fari, na ƙasar Sukotland. Na sha leƙawa ta taga. Tsaunuka ne da hazo da tumaki, maza sanye da siket ba sa ko jin kunya, saurayi da budurwa suna ta kallon juna a bakin ruwa. Awa biyu ba a mari kowa ba, ba a yi rawa ba, ko mota ba ta kife ba. Amma daga wani littafi aka ɗauko shi wanda su biyun suka karanta a kwalejin horon malamai, kuma shi suka fara kallo tare kafin aurensu. In yana tafiya, leɓen Malam yakan bi maganar 'yan fim ɗin, har wata kalma ta kuɓuce ta fito. Likita ya ce wa Mama kada ta daina kunnawa.

Na buɗe baki na ce na ga akuyar Inna ta shiga gidansu da safe. Inna ta dube ni, ta dubi akuyar. Niyyata gari na wayewa in ruga in kwance shi in ajiye a bayan tukunyar ruwa. Sai kafin magariba labari ya zo cewa mutanen daji sun ɓullo ta wajen fadama sun tafi da wasu manoma. Baba ya tara mu a tsakar gida ya ce, "Duk wanda ƙafarsa ta wuce makarantar firamare, ni da shi ne. Shinkafar fadama na bar wa tsuntsaye."

Kwanakin da suka biyo baya ban taɓa ganin masu tsawo irinsu ba. Ina ɗiban ruwa a rijiya ina jiyo Mama tana zazzage akwatuna. Ina surfa wa Inna masara ina ƙirga ranakun da faifan ya yi a rana. In hadari ya haɗu sai in ji kamar a kaina zai zuba. A filin makaranta ana langa ana buga ƙwallon tsumma, ni ina gindin dalbejiya kamar wanda aka yi wa rasuwa, har Sani ya tambaye ni ko tsutsar ciki ce. Na je wurin mai tura finafinai a bakin tasha na kwatanta masa: maza da siket, tumaki, babu faɗa. Ya yi dariya har ya riƙe ciki, ya ce ko da akwai irinsa a duniya, da wane layin zai sauko da shi? Ya ba ni aron wani na Indiya mai jarumi da ke dukan mutum arba'in da hannu ɗaya. Na kai wa Mama, ta yi godiya ta kunna. Malam ya kalli minti biyu ya juya fuskarsa bango.

Abin da ya karya ni shi ne rana ta tara. Inna ta aike ni da kunu, na tarar da Malam a kujerarsa ta kullum, yana fuskantar talabijin da ba a kunna ba, Mama tana zaune gefensa tana ƙoƙarin faɗo masa maganganun fim ɗin da ka. Leɓensa bai motsa ba. Ta ce da ni, "Tun ranar ko sunana bai gwada kira ba." Na ajiye kwanon na fito, na tarar da Baba yana gyaran buhuna, na faɗa masa komai a tsaye, ina kare kunnena da hannu tun kafin a kai gare shi. Bai taɓa ni ba. Ya daɗe yana kallon katangar, sannan ya ce, "Mutumin nan shi ya koya mini rubuta sunana. A wace igiya ka ɗaura?"

Washegari manoman unguwarmu suka fita a ayari ɗaya tare da 'yan sa-kai, don a yanko abin da ke gonakin kusa a dawo kafin azahar. Fadamarmu tana gaba da inda aka yarda a tsaya. Na san Baba zai ƙarasa can, na kuma san saboda wa. Na hau katanga na zauna tun hantsi. Azahar ta yi, mutane suka fara shigowa da dammuna, babu shi. Inna ta share tsakar gida sau uku, ta ɗora tukunya ta manta ba ta zuba ruwa ba. Duk ƙarar da na ji daga yamma sai in ce bindiga ce, ko da kuwa jaki ne ya taka kwano. Na yi wa Allah alkawura a ranar waɗanda ko limamin Juma'a ba zai iya cikawa ba. Sai da aka kira la'asar ya shigo, wandonsa duk laka har gwiwa, ƙafarsa ta kumbura da ƙaya, igiyar a wuyansa, murafun kwalba suna ta ƙara. Ya cire ya rataya mini ya ce, "Kai ka ɗauko, kai za ka mayar."

Haka na shiga gidan ina kacau-kacau. Na durƙusa na faɗi gaskiya, na wanke akuya. Mama ta ce, "Ai na sani, ɗan nema. Akuya ba ta rufe ƙofa in ta fita." Ta wanke faifan da ruwa ta goge da gefen zaninta ta saka. Na ƙura wa talabijin ido. Sai ga tsaunukan, ga tumakin, ga mazan da siket ɗinsu. Malam ya gyara zama. Ya dube ni da ido ɗaya, bakinsa ya yi ta kokawa, can ya ce, "Ɓa-ra-wo." Mama ta fashe da dariya tana share hawaye, ni kuwa ban taɓa jin daɗin zagi kamar na ranar ba.

Yanzu layi ya dawo, wayar yayana tana sauko da fim kafin shayi ya huce, yaran unguwarmu ma leda suke ɗaurawa a gona don faifai ya yi wuya. A makaranta nakan ba da labarin cewa ni na shiga dajin da kaina na wuce mutum ɗari masu bindiga. Amma wannan da na faɗa shi ne ainihin yadda aka yi. Ramin da na huda ya ci ƙarshen fim ɗin, kullum yana zuwa inda budurwar ta hau tudu sai ya tsaya cak. Haka Malam Yohanna ya ci gaba da kallonsa har ya rasu da damina ta zagayo, Mama Rifkatu kuma ta koma garinsu da faifan a jakarta.