Amsa-kuwwa a Zauren Baba

Mu 'ya'yansa ne muka rushe zauren ƙasa na Baba a Ƙofar Marke, muka tayar da na bulo, muka manna tayil har rabin bango, muna ta yabon kanmu. A nan yake ba magidanta karatun littattafai bayan La'asar tun ba a haife ni ba. Shekarar da ciwon suga ya cinye masa ido muryarsa ma ta yi ƙasa, sai muka sayo lasifika da makirfo da amfilifaya, na'urar ƙara murya. Da yake ni ne ke zaune a gida, aka ɗora mini saita su.

Maɓallai uku ne a jikin na'urar: na ƙara, na kaurin murya, na kaifinta. Ban daɗe ba na gane tayil ba ya riƙe magana, wurgo ta yake yi. In zaure ya cika, manyan riguna da rawuna sukan shanye amon, muryar Baba ta fito tas. In mutane sun yi kaɗan, sai kalma ta bugi bango ta dawo ta hau kan 'yar'uwarta.

To, mutanen suka yi ta raguwa. Wasu sun rasu, wasu ƙafa ta hana su, matasa kuwa sun ce karatun duk yana cikin waya. Kullum sai na leƙa takalman ƙofa tukuna, sannan in rage kauri, in rage ƙara. Na rataya tsofaffin dardumai a bango, har bargon matata sai da na ɗauko, duk don kada kunnen Baba ya gaya masa abin da idonsa ya daina gani. Abin yana cin raina, kuma na san dabarata ta kusa ƙarewa.

Wata Laraba, ba ruwa ba rasuwa a unguwa, babu wanda ya zo. Na rage kaurin har ƙarshe, na yi gyaran murya ta wannan kusurwa, na lallaɓa na sake yi ta waccan. Baba ya yi bisimilla, ya jawo layi ɗaya da ka, ya tsaya. Kalmarsa ta ƙarshe ta zagaya zauren ta dawo masa.

Na ce, "Baba, in ƙara murya?"

Ya ce, "Mi za ka ƙarawa? Ni ɗai nika jin kaina." Ya laluba wuyan rigarsa ya cire makirfo, ya miƙo mini. "Kashe abin ga. Gobe kak ka shimhiɗa tabarmi."