Ranar da Na Kwaikwayi Malama

Abin ya faru ne bayan cutar nan da ta sa aka rufe makarantu, kafin a canja kuɗi, a daminar da katangarmu ta yamma ta zube. Lokacin jikata tana aji biyu a firamaren garinmu, nan ƙasar Gwaram. A hannuna take tun rasuwar uwarta. Ni ban taɓa riƙe alli ba, amma na ci burin ita sai ta yi karatu.

Sai ta fara dawowa gida da wata ɗabi'a. Ta ɗaga yatsa ɗaya ta yi wani ɗan gurnani, ta ɗaga wani ta tsuke baki, ta haɗa su ta ce, "Gwa. Gwanda, gwaza."

Na ce, "Ke, lafiyarki?"

Ta ce, "Karatu ne, Inna. Baƙi biyu ne suka riƙe hannu."

Karatun da na sani, yaro ya tanƙwashe ƙafa, malam ya faɗa, shi ya biya. Wannan kuwa wasa na gani. Washegari na yafa mayafi na nufi makarantar.

Malamar yarinya ce 'yar garin Maruta, kullum a acaɓa take zuwa. Ta taga na leƙa. Ta yayyanka kwalin sabulu, ta rubuta baƙi ɗaiɗai, ta rataya wa yara a wuya. In ta tafa, biyu su rugo su kama hannun juna, ajin ya faɗi abin da suka zama. Sai tsalle, sai dariya.

Na shiga ko sallama babu. Ta rusuna ta ce, "Sannu da zuwa, Inna."

Na ce, "Karatu muka kawo su, ko gaɗa?"

Da a nan na tsaya, da da sauƙi. Amma ni ce mai tatsuniyar unguwarmu. Ba muryar da ba na iya ɗauka, daga ta kura har ta amarya. Na kama ƙugu, na ɗauki siririyar muryarta da yadda take karkata kai, na yi ta "gwa, gwa" ina tafiyar agwagwa a gaban allo. Yara suka kwashe da dariya. Malamar kuwa tana ta juya kwali a hannu. Jikata kaɗai ta sunkuyar da kai.

Na sake yi a gidan suna, mata har da hawaye. Daga nan iyaye suka fara zuwa wurin hedimasta. Ya ce ta ajiye kwalayen, ta koma tana faɗa suna biyawa. Na ji daɗi a lokacin, ba zan ɓoye ba.

Bayan girbi muka je babban asibitin Birnin Kudu a duba idona. Da muka fito tasha, ban gane motarmu ba. Jikata ta tsaya gaban wata bas, ta haɗa yatsu biyu a hankali ta ce, "Gwa... Gwaram. Ga ta, Inna."

Raina ya yi fari. Na nuna mata allon wani mai shayi na ce, "To karanta wancan ma, mutane su ji."

Ta daɗe tana kallo, yatsun a sama. Sannan ta sauke su.

"Ba mu zo nan ba. Satin da kika je makarantarmu ne za mu fara."

Ba da faɗa ta faɗa ba. Haka muka shiga motar muka iso gida.

Yanzu tana aji shida, tana karatu da ƙyar, tana cije kalmomi. Hedimastan ya rasu, Allah ya ji ƙansa. Matan da suka yi dariya a gidan suna saura uku. Malamar tana nan da rai, an ce tana koyarwa a Basirka. Sau biyu ina ɗaura niyyar zuwa, har na sa an kira mai acaɓa, sai in ce ya tafi, ƙafata ke ciwo.